Tsawon Layi Da Tsawon Haƙuri: Shin Ƙa'idar Rubuta Wasiƙa Ladabi Ce Ko Al'ada?

Gabatarwa

Na san wasu daga cikin 'yan'uwana ɗalibai da zarar sun ga kan wannan maƙala za su yi murmushi, su ce lalle wane ya rasa abin yi, duk matsalolin da suka dami duniya bai ga abin tattaunawa ba sai inda ya kamata mutum ya karya layi idan yana rubuta wasiƙar imel. To, ni ma da haka na ɗauki abin. Amma wani al'amari ya same ni bara wanda ya sa na zauna na yi ta tunani, har na ga cewa a ƙarƙashin wannan 'yar ƙaramar gardama akwai tambaya babba, watau: idan mutum biyu suna hulɗa, kuma dole ɗayansu ya ɗauki 'yar wahala domin ɗayan ya huta, wane ne ya kamata ya ɗauka? Sa'an nan wanda ya saɓa ƙa'idar da bai san da ita ba, shin ya yi rashin ladabi? Waɗannan su ne tambayoyin da nake so mu duba tare da mai karatu.

Abin da ya faru

Akwai wata manhaja ta kyauta da nake amfani da ita wajen duba kurakuran rubutun Hausa. Sai na lura tana da giɓi, domin takan ja jan layi a ƙarƙashin kalma sahihiya kamar "ɗawainiya", ta kuwa ƙyale "dawainiya" ta wuce abinta. Na kwashe hutun ƙarshen zango ina tattara irin waɗannan kalmomi, na jera su, na aika wa mai kula da manhajar, wani dattijo a can Turai wanda yake yin aikin don sa kai, ba biyansa ake yi ba. Da wayata na rubuta. Na buɗe da gaisuwa yadda aka koya mana tun muna firamare, na tambayi lafiyarsa da ta iyali, na ƙawata muhimman kalmomi da launi, na kwararo bayanina a sakin layi guda mai tsawo.

Amsar da ta zo layi uku ce. Babu sallama, babu godiya. Cewa ya yi in sake aikowa da rubutu tsura marar ado, in riƙa karya kowane layi kafin ya wuce harafi 72, domin yadda na aiko ba zai iya aiki da shi ba. Da na mayar masa da amsa ina neman ƙarin bayani, sai ya ƙara mini da laifi na huɗu, wai na rubuta maganata a saman tasa, alhali a ƙarƙashinta ake rubutawa.

Ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, ni da na kawo gudummawa kyauta, a kan harshen da na sha a nono, shi ne za a tsaya ana ƙidaya mini haruffa? Na yi kusan mako biyu na ajiye aikin. Amma da zuciya ta yi sanyi sai na ce bari in bincika, ko wannan 72 tana da asali, tun da rashin sani ya fi dare duhu.

Asalin ƙa'idar

Ashe labarin ya girmi kakana. A shekarar 1928 kamfanin IBM na Amurka ya fito da wani kati na takarda mai gurbi 80, wanda ake hudawa domin a ba na'ura bayani, kowane gurbi harafi ɗaya. Da kwamfuta ta zo sai ta gaji wannan kati. A harshen ba da umurni na Fortran, wanda ya fito a 1957, gurbi 72 na farko kaɗai ake rubuta umurni a ciki, takwas na ƙarshe kuwa akan sa lambar jeri, domin idan tarin katunan ya zube a ƙasa a iya sake jera su. Da aka bar kati aka koma allo mai haske, sai masu ƙira suka riƙe faɗin nan. Alal misali, allon VT100 na kamfanin DEC, wanda ya fito a 1978 ya kuma bazu ƙwarai, yana nuna layi 24, kowanne harafi 80.

A kan irin waɗannan alluna ne wasiƙar imel ta girma, bayan Ray Tomlinson ya aika ta farko daga wata kwamfuta zuwa wata a 1971. Idan layi ya wuce harafi 80, ko dai ya ɓace a gefen allo, ko ya karye a tsakiyar kalma. Bugu da ƙari, al'adar mutanen wancan zamani ita ce, idan za ka ba da amsa sai ka kwafo maganar abokinka, na'ura ta sa wata alama mai kama da bakin kibiya tare da fili ɗaya a farkon kowane layi nasa, sa'an nan ka rubuta amsarka a ƙarƙashin gaɓar da kake amsawa. Kowace amsa tana ƙara wa layi gurbi biyu. To, wanda ya tsaya a 72 ya bar rarar gurbi takwas, watau ana iya juya maganarsa har sau huɗu ba ta fita daga allo ba. Ka ga ashe lambar ba ta son rai ba ce. Mutum ne yake rage wa kansa fili domin waɗanda za su amsa masa su sami wurin zama.

Daga baya aka rubuta waɗannan abubuwa a cikin takardun ƙa'idojin intanet da ake kira RFC. Takarda mai lamba 1855, wadda Sally Hambridge ta kamfanin Intel ta tsara a 1995 a kan ladubban hulɗa, ta ba da shawarar kada layi ya kai harafi 65. Takarda mai lamba 2822 ta shekarar 2001 kuwa cewa ta yi bai kamata layi ya wuce harafi 78 ba, kuma haramun ne ya wuce 998.

Hujjar dattawa

Da na fahimci wannan sai na fara ganin dattijon nan da wani ido. Hujjar irinsu ta farko ita ce, marubuci ɗaya ne amma karatu yana maimaituwa. Minti biyun da zan ɓata ina gyara wasiƙata ya fi sauƙi a kan mintunan da shi zai ɓata kullum a kan wasiƙun mutane da yawa irina, ga shi kuwa ba albashi yake karɓa ba. Hujja ta biyu ita ce ta tsarin magana. Tambaya takan zo kafin amsa. Wanda ya ɗora amsarsa a sama ya bar dukan tsohuwar wasiƙa tana jan ƙasa a bayanta, ya tilasta wa mai karatu ya fara daga gindi ya hauro, kamar mai hawan rimi da baya.

Hujja ta uku ita ta fi ƙarfi, domin ba ta jin daɗin ido ba ce. Masu gina manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, sun daɗe suna aika wa juna gyare-gyaren aikinsu a cikin wasiƙa, abin da suke kira faci. Na'ura ce take karanta facin nan harafi bayan harafi. Idan manhajar wasiƙa ta yi karambanin karya layi a inda ba a karya ba, ko ta share fili ɗaya, ko ta lulluɓe rubutun da adon HTML, to facin ba zai kama ba. Da na koma na duba abin da na aika, sai na ga haka ya faru da jerin kalmomina: wayata ta cusa alamomin launi a tsakaninsu, ta haɗe wasu layuka. Mutumin bai yi ƙarya ba da ya ce ba zai iya aiki da shi ba.

Hujjar 'yan zamani

Amma fa kada mai karatu ya zaci shari'a ta ƙare. Masu iya magana sun ce idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Tun daga 2007 da wayar iPhone ta fito, sa'an nan ire-irenta suka cika duniya, mutane masu ɗimbin yawa a fuskar waya suke karanta wasiƙa, ita kuwa ba ta ɗaukar harafi 72 a layi guda. Ka ɗauka tana ɗaukar 40. Layin da dattijo ya karya a 72, waya za ta karya shi a 40, ragowar 32 su sauko ƙasa, sa'an nan a iske inda shi ya karya, a sake sauka. Sai wasiƙar ta fito dogo, gajere, dogo, gajere, kamar haƙoran tsohon zarto. Haka wasiƙarsa ta zo mini. Watau ƙa'idar da aka kafa domin a hutar da mai karatu ita ce ta wahalar da ni, ni kuma da na bar rubutuna ya malala domin kowace na'ura ta karya shi daidai faɗinta, na wahalar da shi. Kowannenmu ya rubuta wa allon da ke gabansa, yana zaton shi ne allon duniya.

Har ila yau, masu saba wa ƙa'idar yawancinsu ba da gangan suke yi ba. Manhajoji irin su Outlook da Gmail, wadda ta fito a 2004, su suke ajiye wa mutum wurin rubutu a saman tsohuwar wasiƙa, su kuma suke sa ado ba tare da an tambaye su ba. Wanda ya buɗe ido ya tarar da haka, ina zai san akwai wata hanya? Sa'an nan dattawan su kansu ba su daidaita ba: wannan ya ce 65, wancan 72, wani 78, wani 80. Ko Torvalds ɗin ma, a 2020 ya soki nacewa a kan 80 wajen rubuta manhaja, aka kuwa ɗaga iyakar da ma'aunin Linux yake gargaɗi a kanta zuwa 100. An taɓa neman sulhu. A 1999 Randall Gellens ya tsara wata dabara a takarda mai lamba 2646, aka sabunta ta a 2004, inda ake karya layi amma a bar fili ɗaya a ƙarshensa, domin na'urar zamani ta gane tana iya sake haɗe shi, tsohuwar na'ura kuwa ta nuna shi yadda yake. Dabara ce mai kyau, sai dai manyan manhajojin da jama'a suka fi amfani da su ba su rungume ta ba, masu aika faci kuma suka ƙi ta domin tana taɓa filaye.

Akwai kuma wata magana da ta shafe mu mu Hausawa. Abin da mutanen farko suke kira rubutu tsura shi ne jadawalin ASCII, wanda aka fara fitarwa a 1963, mai alamomi 128. Babu ɓ a ciki, babu ɗ, babu ƙ. Ƙa'idar wasiƙa ta 1982, mai lamba 822, a kan wannan jadawali ta tsaya. Wanda zai rubuta Hausa a wancan lokaci dole ya mai da baƙi baki, ya mai da ƙafa kafa. Sai a 1992, da Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fito da tsarin MIME, aka sami hanyar shigar da haruffan wasu harsuna, a shekarar nan kuma aka ƙirƙiro UTF-8 wanda yau yake ɗaukar haruffanmu masu ƙugiya. Abin lura shi ne, ƙofar nan ta MIME da haruffanmu suka shigo ta cikinta, ta nan ne adon da dattawa suke ƙi shi ma ya shigo. Da an ce kada a taɓa komai na da, da har yau muna waje.

Ladabi da al'ada

To, ina gaskiya take? A ganina sai mun raba abu biyu da mukan cakuɗa. Akwai ladabi, akwai kuma rigar da ladabi yake sawa a wani wuri ko wani zamani. Ladabi shi ne ka tuna da wanda ke gabanka, ka rage masa nauyi gwargwadon iyawarka. Rigarsa kuwa ita ce al'ada, kamar tuɓe takalmi a zauren malam, ko durƙusawa, ko harafi 72. Ladabi ba ya tsufa, amma rigarsa tana tsufa, har wani lokaci ta matse wanda aka ɗinka ta dominsa.

Dubi gaisuwar da na buɗe wasiƙata da ita. A wurinmu wanda ya faɗa cikin buƙatarsa ba tare da ya tambayi lafiya ba, ya nuna bai ɗauke ka a bakin komai ba, buƙatarsa kawai ya sani. A wurin dattijon nan kuwa, wanda ya cika masa wasiƙa da gaisuwa ya ci masa lokaci, taƙaitawa ita ce girmamawa. Ni na girmama shi da yalwa, shi ya girmama ni da gajarta, kowa ya tashi yana ganin an raina shi. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Anthony Kirk-Greene, a ɗan littafinsa na 1974 a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafa ladabi tare da wasu halaye kamar haƙuri da hankali da karamci da adalci. Ina ganin akwai darasi a cikin wannan jeri, domin ladabi ba ya tafiya shi kaɗai. Hankali ne yake gaya maka wace riga ta dace da wane wuri, haƙuri kuma shi yake hana ka yanke hukunci a kan wanda ya zo da wata riga dabam.

Wa zai ɗauki wahalar?

Idan aka yarda da wannan, sai in ce nauyin ya kasu kashi uku.

Na farko yana kan baƙo. Ni na je wurin mutumin nan, a kan aikinsa, da kayan aikinsa. Hausawa sun ce in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura. Da zarar an sanar da ni ƙa'idar wurin, an kuma nuna mini tana da dalili, to nacewa a kan hanyata ya zama girman kai. Kafin a sanar da ni ban yi laifi ba, domin ba a kama mutum da dokar da ba ta iso kunnensa ba. Bayan an sanar da ni kuwa, hukunci ya sauya.

Na biyu yana kan mai gida. Wanda ya san ƙa'ida ya fi wanda bai sani ba iko, kuma iko amana ne. Yana da haƙƙin ya nemi a bi tsarinsa, amma wajibi ne ya faɗi dalili, ya kuma raba tsakanin abin da yake ɓata aiki da abin da kawai bai saba gani ba. Jerin kalmomina da ya lalace, wannan ɓarna ce ta gaske. Amsar da na rubuta a sama kuwa, a wasiƙar layi biyu tsakanin mutum biyu, ba ta cuci kowa ba. Idan aka haɗa su a tsawa guda, sai ƙa'ida ta tashi daga hanyar sauƙaƙa hulɗa ta koma alamar gane ɗan gida da bare. Wa ya san yawan masu gudummawa da suka juya daga bakin irin wannan ƙofa ba su sake dawowa ba? Ni kaina saura kaɗan in zama ɗayansu, asarar kuwa da ta faɗa a kan duk Bahaushen da zai yi amfani da manhajar. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Na uku yana kan maƙeran kayan aiki. Yawancin wannan faɗa na'ura ce ta haddasa shi, mutane suka gaje shi. Wanda ya ƙera manhajar da take sa ado ba a tambaye ta ba, ta kuma ɓoye hanyar kashe shi, shi ma yana da kaso a cikin ɓacin ran da ya biyo baya.

Abin sha'awa, mutanen intanet na farko suna da wata ƙa'ida da ta tattara duk wannan. Jon Postel, ɗaya daga cikin magina intanet, ya shawarci masu ƙira tun a 1980 da cewa na'ura ta tsananta wa kanta a kan abin da take aikawa, ta kuma sassauta a kan abin da take karɓa. Na'urori ya yi wa wannan magana, amma ni ban ga ma'aunin da ya fi shi dacewa da 'yan Adam ba. Kuskurenmu ni da dattijon nan iri ɗaya ne: kowannenmu ya juya ma'aunin, ya sassauta wa kansa, ya tsananta wa ɗan'uwansa.

Kammalawa

A taƙaice, amsata ita ce lamba 72 al'ada ce, amma tunanin da ya haife ta ladabi ne. Wanda ya riƙe lambar ya manta da tunanin zai iya cutar da mutum da sunan ladabi, wanda kuma ya yi watsi da lambar don kawai ta tsufa, bai tambayi dalilinta ba, ya yi gaggawa. Tambayar da ta kamaci mai rubutu kafin ya aika ita ce: wa zai karanta wannan, kuma a kan me zai karanta?

Ni dai na sami kwamfutar wani abokina, na kashe ado, na karya layukana a 72, na liƙa jerin kalmomin a takarda dabam yadda ba abin da zai taɓa su. Amma ban cire gaisuwata ba, na dai mai da ita layi ɗaya. A ƙarshe na gaya masa, cikin girmamawa, yadda wasiƙunsa suke fitowa a fuskar wayata. Bayan kwana huɗu ya amso, a ƙarƙashin maganata kamar yadda ya saba. Ya ce kalmomin sun shiga, ya ce bai taɓa duba wasiƙarsa a waya ba, sa'an nan ya tambaye ni yadda ake furta ƙ. Har yanzu a 72 yake karya layinsa, ni ma in zan rubuta masa haka nake yi. In zan rubuta wa ƙanwata kuwa, wadda ba ta da abin karatu sai waya, nakan bar rubutun ya malala.

Ina fata 'yan'uwa da suke da wani ra'ayi dabam za su mayar mini da martani a fitowa ta gaba, a sama ko a ƙasa, duk zan karanta.